Albashin da ya shigo bayan na ajiye aiki

Na ajiye aiki a wani kamfani mai zaman kansa, na miƙa makullin ofis da katin shaida, amma da wata na gaba ya ƙare sai ga saƙon banki a wayata: cikakken albashi ya shigo kamar ban tafi ba. Kwana huɗu na yi ban gaya wa kowa ba, ina ta saƙa da warwara.

Da farko na ce tsintuwa ce. Wannan hujja ba ta daɗe ba, domin hukuncin tsintuwa, wato a yi cigiya har shekara guda, ya shafi dukiyar da ba a san mai ita ba ne, ni kuwa sunan mai kuɗin na rubuce a cikin saƙon.

Hujja ta biyu ce ta hana ni barci. Kamfanin na riƙe da kuɗin hutuna da bai biya ba, sai zuciya ta ce haƙƙina ne ya dawo ta wata hanya. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan wanda ya samu damar ɗaukar haƙƙinsa daga dukiyar wanda ya danne masa. Masu halattawa suna kafa hujja da Hindu bint Utba, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta Abu Sufyan, masu hanawa kuma suna riƙe da hadisin da ya ce a mayar da amana ga mai ita, kada kuma a ha'inci wanda ya yi ha'inci. Da na auna kaina da gaskiya, sai na ga ko masu halattawar ba za su tsaya mini ba: abin da ya shigo ya fi abin da nake bi, kuma ban taɓa rubuta takardar neman kuɗin hutun ba, balle a ce an hana ni. Ni ne mai ƙara, ni ne alƙali, kuma a ɓoye na so yanke hukuncin.

Sai kuma na tuna da ƙaramin ma'aikacin sashen albashi wanda ya manta bai cire sunana ba. Da irin wannan sunan da aka bari a jerin biya ake samun wasu ma'aikatan bogi, matsalar da ta sa gwamnatin tarayya ta ɓullo da IPPIS, tsarin bai ɗaya na biyan albashin ma'aikatanta ta kwamfuta, a 2007. A kamfani kuwa, idan masu binciken kuɗi suka gano giɓin, wuyansa za a fara kamawa, ba na manaja ba, wataƙila ma a riƙa yanka daga albashinsa, alhali yana da iyali.

Na kira akanta, na nemi lambar asusun kamfanin a rubuce, na mayar da kuɗin gaba ɗaya, na karɓi rasit. A ranar kuma na aika da takardar neman kuɗin hutuna daban, wanda sai da na yi ta zirga-zirga kafin ya fito. Da yamma ma'aikacin nan ya kira ni, muryarsa na rawa, ya ce: "Malam, ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka."