Documenta ta 11: Baje Kolin da Ya Fara da Mahawara

Birnin Kassel da ke tsakiyar Jamus ba ya cikin manyan biranen ƙasar, amma duk bayan shekara biyar sai ya cika maƙil da masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto da malaman jami'a, saboda baje kolin fasaha da ake kira Documenta, wanda akan shafe kwana 100 ana yi. Wani malami kuma mai zane, Arnold Bode, shi ya kafa shi a 1955, lokacin da birnin bai gama farfaɗowa daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba, da niyyar dawo wa Jamusawa da fasahar zamani wadda gwamnatin Nazi ta haramta. Zagaye goma aka yi a jere, kuma duk Turawa ne suka ja ragamarsa, har sai a 1998 da aka damƙa shirya zagaye na 11 a hannun Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, wanda ya tashi a Inugu, ya kuma yi karatun kimiyyar siyasa a Amurka.

Abin da ya sa nake yawan komawa ga wannan zagaye shi ne tsarin da Enwezor ya zo da shi tare da abokan aikinsa shida. Ya ƙi yarda a ce baje koli a Kassel kaɗai yake farawa kuma a can yake ƙarewa, sai ya raba aikin gida biyar, huɗu daga ciki tarurrukan ƙara wa juna sani ne a nahiyoyi daban-daban. An fara a Biyena, babban birnin Ostiriya, a watan Maris na 2001 da mahawara a kan dimokuraɗiyyar da ba ta cika alkawarinta ba, aka ƙarasa ta a Balin. A New Delhi an tattauna batun gaskiya da sulhu da yadda ake yin adalci bayan zalunci, a tsibirin Saint Lucia kuma aka duba cakuɗuwar harsuna da al'adu a yankin Karibiyan. Zama na huɗu a Legas aka yi shi a watan Maris na 2002, inda aka nazarci birane huɗu na Afirka: Firitawun da Johannesbag da Kinshasa da ita Legas ɗin. Sai bayan duk wannan aka buɗe ƙofofin baje kolin a Kassel, daga 8 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba na 2002.

Duk wanda ya saba halartar tarurrukan jami'o'inmu zai gane girman wannan mataki. A wurinmu safiyar ranar farko takan tafi ne wajen jiran babban baƙo da jawabin uban taro da na shugaban taro da gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sannan da yamma a ba kowane mai maƙala minti goma, ana buga masa tebur tun bai fita daga gabatarwa ba. Idan kuma an haɗa da baje koli, sai ka tarar da shi a baranda: 'yan zane-zanen ɗalibai a jingine da bango, da tsoffin rubuce-rubucen ajami a kan tebur kusa da mai sayar da littattafai, mutane na wucewa ta gabansu da faranti a hannu lokacin shan shayi. Ana ɗaukar maƙala a matsayin ilimi, zane kuwa a matsayin kwalliyar taro. Enwezor ya ɗora su a mizani ɗaya, ya ce tambayar da masanin tarihi yake yi a kan birni ita ce mai kyamara yake yi, kowa da kayan aikinsa.

An ga hakan a ayyukan da aka baje. Bodys Isek Kingelez na Kwango ya kawo biranensa da yake ginawa da kwali da takarda da roba, dogayen benaye masu launi waɗanda suke nuna Kinshasar da yake mafarki, kuma wanda ya bi mahawarar Legas zai kalle su da wani ido dabam. Steve McQueen na Ingila ya nuna fim da ya ɗauka a cikin wani ramin haƙar zinariya mai zurfi a Afirka ta Kudu, inda mai kallo yake zama cikin duhu na tsawon lokaci yana jin ƙarar na'urar da ke saukar da ma'aikata ƙarƙashin ƙasa. Cildo Meireles na Barazil kuwa ya sa aka riƙa tura 'yan amalanke a titi ana sayar da ƙanƙara a jikin tsinke, ba sukari ba ɗanɗano, ruwa zalla, domin mai saye ya ji yadda ruwan sha yake narkewa a hannunsa bayan ya biya kuɗinsa.

Yawan fina-finai da bidiyo a wannan zagaye ya jawo ƙorafi, kuma ina ganin ƙorafin yana da tushe. Zane kana iya tsayawa gabansa minti biyu ka wuce, amma bidiyo yana neman ka ba shi lokacinsa cif, kuma baƙon da ya zo na kwana biyu ba shi da halin kallon ko rabin abin da aka tanada. Wannan matsala ta sababbin kafofi har yau masu shirya baje koli suna fama da ita.

Sai dai akwai wani abu da ya fi wannan damuna. Legas ta samu mahawara, Kassel ta samu kayan kallo. Ɗalibin da ya zauna ya saurari masana suna fashin baƙi a kan birninsa, idan yana son ganin ayyukan da aka ce suna amsa waɗannan tambayoyi, dole ya nemi bizar Turai da kuɗin jirgi da na masauki, alhali baƙi sama da 650,000 da suka shiga ɗakunan Kassel akasarinsu ba su ji ko kalma ɗaya daga zaman Legas ba. Haɗin da aka yi niyya ya tabbata ne ga 'yan ƙalilan da ke da halin bin zaman biyar, da kuma masu karatun da suka zo daga baya, domin an buga maƙalun kowane zama a littafi na musamman. Wannan bugawa ba ƙaramin abu ba ce, ganin yadda maƙalun tarurruka da yawa suke ƙarewa a cikin jakar da aka raba ranar buɗe taro.

Enwezor ya ci gaba da wannan salo a babban baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya na 2015, wanda shi ne ɗan Afirka na farko da ya jagoranta, inda ya sa aka gina dandalin karatu da jawabai a tsakiyar babban zauren, ta yadda mai kallon zane yana iya jiyo muryar mai karatu ba tare da ya fita daga ginin ba. Ya rasu a Munik a watan Maris na 2019, yana da shekara 55.