Tsakanin bakin famfo da murfi

Shekara biyu na yi ina aiki a wani gidan cika ruwan gora a Gusau, irin manyan gorunan nan masu cin lita 19 da ake kifawa a kan injin shan ruwa a ofisoshi da shagunan magani. Ranar da na fara, maigida ya zagaya da ni yana nuna min kaya cikin alfahari: ga bohol, ga tankin yashi da na gawayi, ga fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta. Na ce a raina, ruwan da ya ratsa wannan duka ai magana ta ƙare.

Wani dattijo da muke ce wa Baba ne ya fara kwance min kai. Ina cikin cika gora murfi ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na ɗauka na goge a rigata zan rufe. Caraf ya riƙe min hannu. "Yaro, mi kaka shirin yi? Ba da rigar ga ka hawo babur daga Tudun Wada ba?" Ya karɓe murfin ya jefa a bokitin kulorin, ya tura ni famfo da sabulu. Na ji haushi, don a gaban mai saye ya yi min.

A hankali na gane inji ya gama nasa tun a bututu, ɓarnar a ɗan tsakanin bakin famfo da murfi ake yin ta, kuma da hannunmu. Hannun da ya karɓi tsohuwar ɗari biyu daga mahauci shi ne zai kama wuyan gora. Mutum ya fito bayan gida da buta kawai, ba sabulu, ga farce zaƙo-zaƙo, ga takalmin da ya shiga da shi.

Gorunan da ake dawo da su kuwa, Allah kaɗai ya san inda suka kwana. Sai ka sansana. Wata zoɓo, wata kunu, wata kalanzir, ita wannan ba ta da magani sai a ware ta. Wadda ta daɗe a rana za ka ga gansakuka a gindinta, in ka zura yatsa a wuyanta ka ji santsi. Ɗauraya ba ta fitar da santsin nan, sai dogon buroshi da sabulu. Fitilar UV ma ashe tana yaudara: bayan kamar shekara guda ƙarfinta ya ragu, amma tana nan tana haske abinta. Baba da gawayi yake rubuta ranar da aka sa ta a jikin bango.

Abin da har yau nake jin kunyarsa a daminar 2021 ya faru, lokacin da amai da gudawa ya addabi Zamfara. Na tashi cikina yana murɗawa, na yi shiru na zo aiki, don in ba ka zo ba babu kuɗin ranar. Takardar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana manne a bango, amma takarda ba ta ganin mai zarya bayan gida. Baba ya gani. A zuwa na uku ya tare ni a ƙofar ɗakin cikawa, ya zaro ɗari biyar daga aljihunsa ya ce in wuce asibiti, shi zai yi wa maigida bayani. Gora goma sha ɗaya da na riga na cika, duk ya tuttular da su a kwata.