Amalanken guba a Ostareliya

Jiya na leƙa wani gidan adana kayan tarihin manoma a nan Ostareliya. Amalanken guba ne ya tsayar da ni. Doki ke jan sa, 'yar garma na tsaga ƙasa, dusa mai guba na zuba don kashe zomayen da suka addabi manoma. Ai kuwa har tsuntsaye ta riƙa kashewa. Gefensa ga zugazugi irin na maƙeranmu, na ɗura hayaƙi cikin ramukan zomaye.

Duk wannan wahala fa daga zomaye 24 da wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki a 1859 don farauta!

Tarkon ɓera kuwa dariya ya ba ni: kwalba shafe da mai a saman bokitin ruwa, abinci a bakinta. A annobar ɓerayen da aka yi a ƙasar nan a 2021 ma da irinsa manoma suka yi ta kamu.