Ƙofar Zaki da ba ta buɗe mini ba

Ƙanena ne sanadi. Yana karatu a Bubaneswar, babban birnin jihar Odisha da ke gabashin Indiya, a gaɓar tekun Bengal, kuma shekara biyu ke nan yana mita wai ban taɓa leƙo shi ba. Da wata hidima ta kai ni Delhi a watan Janairu, sai na ce bari in sauke wannan nauyi in huta da gori.

Na sauka da taƙamar Indiyancin da na tsinta a fina-finai tun ina yaro. Mai a-daidaita-sahun da ya ɗauko mu ya saurare ni da ladabi, ya karkaɗa kai irin nasu, sannan ya faɗa wa ƙanena wata magana suka tuntsire da dariya. "Yaya, nan fa Odiya ake yi," in ji ƙanena. Harshe ne mai zaman kansa, haruffansa zagaye-zagaye kamar an kife ƙananan ƙore a jere. Dalili kuwa, a da kan ganyen giginya suke rubutu da ƙarfe mai tsini, miƙaƙƙen layi yaga ganyen yake yi.

Washegari muka kama hanyar Puri, kimanin kilomita 60. Sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen jihar mabiya addinin Hindu ne, kuma Puri ce zuciyarsu, domin a nan haikalin abin bautarsu Jagannat yake, wanda aka gina a ƙarni na 12. Tun daga nesa za ka hango hasumiyarsa, tsayinta ya kai mita 65, da tuta a ƙololuwa. Kullum da yamma sai wani mutum ya hau da hannu da ƙafa, babu igiya, ya sauya tutar. Na tsaya ina kallo wuyana ya ƙage, cikina na ƙugi don tsoro kamar ni ne a saman.

Ciki kuwa ba shiga. Wanda ba Hindu ba iyakarsa Ƙofar Zaki, babbar ƙofar gabas. Ba a kanmu aka fara ba, ita kanta Firaminista Indira Gandhi an hana ta shiga a 1984 saboda mijinta ba Hindu ba ne. Da farko raina ya ɗan sosu, na yi tafiyar nan duka a ce in tsaya a waje? Can sai na tuna allon da ke kan hanyar Makka mai karkatar da waɗanda ba Musulmi ba, na ja bakina na yi shiru. Kowane gida da ƙa'idarsa.

To amma tsayuwar wajen ba ta zama asara ba. Hayaƙi na tashi daga madafar haikalin, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a duniya. Da itace suke girki, cikin tukwanen ƙasa da ake ɗora wa juna, kuma tukunyar da aka dafa da ita yau ba a sake ɗora ta gobe. Na ga mutane suna fitowa da ƙananan tukwane a ka, shinkafa da wake da miyar ganye, su zauna su ci tare, mai kuɗi da talaka hannu a tukunya ɗaya. A ƙasar da aka san ta da bambancin jinsi da asali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani dattijo mai sayar da kwakwa ne ya ba ni labarin da ya fi tsaya mini a rai. Da ya ji sunana, sai ya nuna babban titin da suke kira Bada Danda ya ce, sau ɗaya a shekara, cikin Yuni ko Yuli, ana fito da gumakan Jagannat da ɗan'uwansa da 'yar'uwarsa a kan manyan kekunan katako guda 3, dubban mutane na jan su da igiya har kusan kilomita 3, ranar kowa na iya gani. Kuma a kan hanyar akwai kabarin wani mawaƙi, Salabega, ɗan wani jarumi Musulmi na zamanin sarakunan Mugal da suka mulki Indiya, wanda shi ma bai taɓa samun shiga ba, har yau keken yakan ɗan dakata a wurin. Na biya kuɗin kwakwata ina ta juya zancen.

Tsohon haikalin rana da ke Konark kuwa ba mai hana ka, tikiti kawai za ka yanka (na baƙi ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa, wannan kam ya ci mini tuwo a ƙwarya). Kilomita 35 ne daga Puri, hanya na bin bakin teku. Sarki Narasimhadeba na Ɗaya ya gina shi wajajen 1250, a siffar keken rana: ƙafafu 24 na dutse, dawakai 7 na ja. Babbar hasumiyar ta daɗe da rushewa, zauren da ya rage kuma Turawan Ingila suka cika shi da yashi a 1903 don kada ya faɗi. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1984.

Kowace ƙafa ta fi ni tsayi nesa, kusan mita 3, an sassaƙa ta kamar aikin aska takwas a gaban babbar riga. Mai yi mana jagora ya ɗora yatsa a tsakiyar ɗaya, ya dubi inda inuwa ta faɗi tsakanin sandunan, ya ce ƙarfe goma da kwata. Na duba wayata: 10:17. Na ce ya sake, ya ce in dawo bayan awa ɗaya. Sai dai in gargaɗi mai zuwa da surukai ko ƙanne: akwai sassaƙe-sassaƙen maza da mata a jikin bangon da ba su san kunya ba. Ni da ƙanena kowa ya tsiri kallon sama, shi ya ce yana neman ruwan sha, ni na ce ina amsa waya.

Tafkin Cilika muka ƙarasa da shi. Mun shiga kwalekwale daga Satapada, mun yi awa uku kafin mu ga bayan dabbar dolfin sau biyu, kamar ƙiftawar ido. Tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga Sabiriya ta ƙasar Rasha sun fi burge ni. A wani tsibiri wani mutum ya fasa kawa a gabana, ga lu'ulu'u fari fat a ciki. Ƙanena na ta taka mini ƙafa, ban gane ba, na saya har biyu don Hajiya.

Sai da daddare, muna cin pakala, wato kwanannar shinkafa da aka jiƙa a ruwa da nono, da soyayyen kifi a gefe, ya ɗauko ɗaya ya kankare da farce. Fentin ya fita tas.

"Yaya, ai roba ce."

Na ce ya rufa mini asiri, ɗayar ba za a kankare ba.