Firam 3,000 don hoton wata guda ɗaya

Daren da na fara ɗaura kyamara a bakin na'urar hangen nesata, na ɗauki hotunan wata sun fi hamsin, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum. Idan na leƙa na'urar da ido ina ganin ramin Copernicus tar, mai faɗin kilomita 93, har da tsaunukan da ke tsakiyarsa. A hoto kuwa sai ya fito kamar an goga masa yatsa mai maiƙo. Na zargi kyamara, na zargi madubi, ashe iska ce.

Iskar da ke tsakaninmu da wata ba ta zama wuri ɗaya. Mai ɗumi na tashi, mai sanyi na sauka, kowacce na karkatar da haske yadda ta ga dama. Shi ya sa wata ke rawa a allo kamar kwabo a ƙasan ruwa mai gudu. Sai dai jefi-jefi iskar kan lafa na ƙiftawar ido. Mai danna hoto ɗaya sa'a yake nema, mai ɗaukar bidiyo kuwa ya kafa wa sa'ar tarko, domin cikin dubban firam, wato hotuna ɗai-ɗai da ke haɗuwa su zama bidiyo, ba za a rasa masu kyau ba.

Na jira daren tara ga wata. A daren sha huɗu rana tana dukan fuskar wata kai tsaye, babu inuwa, komai ya baje fayau. A kan iyakar haske da duhu ne inuwa ke miƙewa, ramuka su nuna zurfinsu. Na ɗauki bidiyon daƙiƙa 50, firam 60 a kowace daƙiƙa, na samu 3,000. Ƙafar na'urata ba ta da injin bin sama, kuma wata kan gusa da kimanin faɗinsa cikin minti biyu, don haka ina ɗauka yana sulalewa gefe. Manhajar PIPP ce ta dawo da shi tsakiya a kowane firam.

A AutoStakkert na tafka kuskuren farko. Manhajar tana jera firam daga mafi kaifi zuwa mafi dishi, ta bar maka zaɓin adadin da za a ɗora kan juna. Ni kuwa rowa ta kama ni, na ce ban zubar da ko ɗaya, na haɗa duka. Hoton ya fito sumul, amma dishi-dishi, don munanan sun rinjayi kyawawan. Na koma na ɗauki kashi 10 cikin 100 kawai, firam 300, sai ga ƙananan ramukan da ke cikin babban ramin Clavius sun jeru kamar baka, daga babba zuwa ƙarami. Na daɗe ina kallonsu.

Amfanin tarawar shi ne kashe ɗigo-ɗigon nan mai kama da yashi da ke fitowa a hoto. Yashin yana canza wuri daga firam zuwa firam, ramin kuwa yana nan inda yake, don haka idan aka haɗa sai yashin ya cinye kansa. Lissafinsa ba mai karamci ba ne: firam 100 na rage shi sau 10, amma kafin ka rage shi sau 20 sai ka tara 400.

Sai manhajar RegiStax, inda ake ƙara kaifi. Nan ma na wuce gona da iri, na ja sandunan ƙara kaifin da ke allo har ƙurya, bakin wata ya yi farin zobe, ramuka suka koma kamar zanen alli. Yanzu kaɗan nake ja, in tashi in ba idona hutu, in dawo in sake dubawa.

Abin da manhaja ba ta gyarawa shi ne saitin na'ura da ya kauce, wato wanda ake murzawa har hoto ya fito tar. Akwai daren da na cika kwamfuta da bidiyo, duk na goge, saboda na fito da na'urar daga ɗaki mai ɗumi na hau aiki nan take, madubin yana hucewa saitin yana gocewa. Tun daga ranar nake ajiye ta a waje kusan awa guda tukuna, in jira wata ya hau sama sosai ya bar saitin rufin gidaje, sannan in zuƙo bakin rami ɗaya a allo in yi ta murza saiti har inuwarsa ta tsaya cak.