Fita da ƙaramar yarinya a Legas: ba sai mun je gida ba

Yawancin yaran da na sani a unguwarmu ta Agege a nan aka yanke musu cibi, amma in ka tambaye su ko sun taɓa ganin teku sai su girgiza kai. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga nan sai boko da Islamiyya. Duk wani abin faranta rai mu iyaye mun ɗage shi zuwa "sai mun je gida", alhali kuɗin motar Kano ko Sakkwato ga iyali guda ya kai inda mutum kan daɗe bai leƙa ba. Abin ya jima yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ƙuruciya ba ta jiran kuɗin mota. Da 'yarmu ta yi ƙwari, ni da Abbanta muka yanke shawarar mu riƙa nuna mata garin da aka haife ta, daidai ƙarfin aljihunmu.

Abin da muka fara ganewa shi ne hadari da gosulo ne ke yanke ranar fita a Legas. Daminar nan doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba, kuma Yuni da Yuli ruwa kan wuni yana zuba. Lambatu ya cika ya haɗe da titi, babba ma sai ya lalubi wurin taka ƙafa, balle mai riƙe da hannun yarinya. A waɗannan watannin wurin da ke da rufi kawai muke nufa.

Jirgin ƙasa ne ya cece mu. Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo. Mu manya hanyar zuwa wani wuri muke ɗaukarsa, ita kuwa jirgin shi ne yawon gaba ɗaya. Takan manna goshi a taga tana ƙirga masu lema, tana tambaya, "Umma, me ya sa motocin can suka tsaya mu muna tafiya?" Blue Line, mai aiki da lantarki, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 tsakanin Marina da Mile 2, ya fi burge ta, saboda yana hawa gada ya ratsa saman ruwa, ana hango manyan jiragen ruwa ta ɓangaren Apapa. Da katin Cowry ake biya, wanda ake shiga motar BRT da shi. A binciki lokacin tashin jirgi tun kafin a bar gida, kuma a kauce wa sa'ar tafiya aiki da ta tashi, don matsi ba ya yi wa yaro daɗi.

Wata Asabar da ake yayyafi muka kai ta gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A can ne motar nan baƙa ƙirar Marsandi take, wadda aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, ga ramukan harsashi a jikinta. Na tsaya a gabanta jikina ya yi sanyi, don labarin da na tashi ina ji a bakin iyayena ne. Ita ban faɗa mata abin da ya huda motar ba. Da sauran lokaci. Abbanta ya zaro takardar naira ashirin ya nuna mata hoton, ya ce, "Kin ga mai motar. Mutumin Kano ne, ya shugabanci Nijeriya." Har yau in ta ga naira ashirin sai ta ce ga mai mota. Gidan tarihi ba wurin daɗewa ba ne da ƙaramin yaro. Da ta fara jan mayafina muka fito.

A ƙarshen Yuli zuwa Agusta ruwa kan ɗan tsagaita, gari ya yi lumshi, ba rana ba zafi. A ganina babu lokacin da ya kai wannan daɗin fita a duk shekara, ga makarantu suna hutu, ga gasasshiyar masara a kowace kwana. Shi muke ware wa dajin Lekki Conservation Centre, kurmi mai faɗin hekta 78 da aka killace tun 1990 a tsakiyar gine-gine. Daga Agege tafiya ce sosai, don haka da idar da sallar asuba muke kama hanya, mu haye gadar Third Mainland kafin gari ya farka. A ciki ana bin wata doguwar hanyar katako da ta ratsa fadama, birai suna tsalle a saman kai. Akwai ɗawisu, akwai wani tsohon kunkuru da ta tsuguna tana yi masa magana har sai da muka ɗaga ta. Gadar igiyar nan ta sama mai tsawon mita 401 ba ta ƙananan yara ba ce, kuma ba ta rasa komai ba da ba ta hau ba. Abu biyu na kula da su. Katakon yana santsi in an yi ruwa, don haka takalmi mai riƙe ƙafa ya fi silifas. Sannan biran sun san leda, sun san abin da ke cikinta. A bar cincin da ayaba a cikin jaka a zuge, sai an isa filin da iyalai ke shimfiɗa tabarma. A kuma rufe wa yaro hannu da ƙafa saboda sauro.

Hunturun Legas ba ya kama ƙafar na Arewa, ɗan hazo ne da bushewar leɓe daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, man kaɗanya ya wadatar. Damuwar Disamba ita ce jama'a. Baƙi sun cika gari, kuɗin shiga ko'ina ya tashi, hanya ta cushe. Mukan haƙura har hayaniyar ta lafa a Janairu, lokacin agwaluma ta fito, sannan mu nufi bakin teku.

A kan teku ba na sassauci ko kaɗan. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu ita, an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, kuma yawancin gaɓar da ta rage sai an biya kuɗin ƙofa. Igiyar ruwan Legas tana da ja. Takan kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum yana tsaye. Shi ya sa muka zaɓi Tarkwa Bay, inda shingen duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ya karya ƙarfin igiyar. Sai da jirgin ruwa ake zuwa. Wani mai jirgi ya taɓa miƙo mana rigar hana nutsewa ta manya ya ce a ɗaure mata haka nan, ba komai. Abbanta ya ce, "Malam, yi haƙuri, za mu jira na gaba." Muka jira har aka sami mai rigar yara. Da safe muke zuwa, kafin a kunna kiɗa wurin ya koma na samari, kuma ko a gefen ruwa hannunta yana cikin nawa. Ranar da ta fara ganin teku ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta tambaye ni wa ya zuba ruwan nan duka. Na ce Allah ne. Ta ce to ina ƙarshensa?

Fabrairu da Maris zafi ne mai gumi, kuma a 'yan shekarun nan azumi a nan yake faɗowa. Ba ma nisa. Bayan la'asar mukan je filin shaƙatawa na JJT da ke Alausa ta yi gudu a kan ciyawa, mu dawo kafin magariba.

Sallah kuwa ita ce tamu, kuma na fi so ta san daɗinta a nan ɗin ma, da lallenta da kitsonta da zuwa filin idi. Kafin Babbar Sallah Abbanta kan ɗauke ta zuwa wajen masu raguna a Oko-Oba, inda manyan motoci ke sauke dabbobi daga Arewa. Tana jin Hausar Katsina da ta Sakkwato da ta Nijar a wuri guda, 'yan tireda da dillalai suna tsokanarta, "Hajiya, wanne za ki saya?" Ranar Sallah da washegari gidajen 'yan uwa kawai muke zagawa, ta karɓi goron sallarta, domin wuraren wasa a cike suke maƙil, yaro kan ɓace cikin ƙiftawar ido. Sai an kwana biyu muke kai ta lilo, kuma ko a ranar ina rubuta lambar wayar Abbanta a takarda in maƙala mata a cikin aljihun riga.

Yanzu in za mu fita nakan ɗauki ɗaya daga cikin yaran maƙwabta, da izinin uwarsa, don kuɗin yaro guda a jirgi bai taka kara ya karya ba. Bana in Allah ya kai mu hutun Agusta, jirgin Ibadan muke son shiga da su. Yana tsayawa a tashar Agege, ba sai mun je babbar tashar da ke Ebute Metta ba.