Abin da kachala ta koya mini a fadamun Haɗeja da Nguru

Ƙidayar tsuntsaye ce ta fara kai ni fadamun Haɗeja da Nguru. A watan Janairu ake yin ta, lokacin da hunturu ya kankama, baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai sun ƙetaro Sahara sun sauka. Mukan fita da asuba cikin kwale-kwale, da madubin hangen nesa da littafin rubutu, yatsu sun ƙandare don sanyi. Ga kirinjijiya garke-garke, ga ɗinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga ƙananan agwagin Turai sun rufe ruwa. Wurin ba ƙaramin suna ya yi ba. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo har Dagona da ke cikin fadamun don ganin waɗannan tsuntsaye, a 2000 kuma tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya.

Na je da abin da aka cusa mini a aji, wato barazanar namun daji ita ce mutumin ƙauye: mai harbi, mai saran itace, mai kafa dumba ya tare kifi, makiyayin da ke kutsawa cikin gandu. Duk waɗannan akwai su, na gan su da idona. Amma wanda ya gyara mini tunani shi ne dattijon da ke tuƙa mu, masunci ɗan gado.

Wata safiya muka shiga wani mashigi, tun ba mu yi nisa ba hanya ta toshe. Kachala ce ta ko'ina, wata doguwar ciyawar ruwa, ta fi tsayin mutum, ta yi cunkus har haske ba ya ratsa ta. Ya kafa sandar tuƙinsa ya tsaya.

"Ɗana, ka san a ina muke?"

Na ce, "A cikin ruwa mana, Baba."

Ya ce, "A gonar mahaifina muke. Shinkafa muke yi a nan da damina, in ruwa ya janye mu sa wake, in mun cire Fulani su shigo da shanu. Yanzu ruwan ba ya janyewa."

Wannan magana ta ƙarshe ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Ni a zatona matsalar fadama ita ce ƙarancin ruwa, to ga mutum yana kuka da ruwan da ya ƙi tafiya. Sai da na koma na bi kogin a taswira tun daga sama sannan na gane. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta kogin Chalawa kuma a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kafin madatsun, kogin yakan cika ya batse a Agusta da Satumba, ya malale fadama, da rani kuma ya ƙafe har a taka yashinsa da ƙafa. Bayan madatsun, babbar ambaliyar ta ragu, amma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani a su Kadawa da Kura da kuma ruwan sha na birnin Kano. Abin da kachala ke so ke nan: ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa. Da can rani ne ke kashe ta. Da aka hana fadama bushewa, sai ta samu gindin zama, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ta Marma ya kwanta a gonakin mutane, alhali wasu garuruwan da ke ƙasa suna jiran ruwa bai iso ba.

Ashe bushewar fadama rabin rayuwarta ce. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka a makaranta.

Daga nan ne kuma na fahimci dalilin da ya sa fuskokin mutane ke sauyawa in muka ce mun zo saboda tsuntsaye. In ka ce tsuntsu a wannan yanki, manomi jan-baki yake ji. Cikin kachala suke kwana, dubbai a kan dubbai, da sassafe su tashi kamar hayaƙi su sauka a gonar shinkafa ko gero. Na ga yara tun daga fitowar rana har faɗuwarta suna kan rumfa a tsakiyar gona, suna jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe. Yaran nan ba sa zuwa makaranta a wannan lokaci. Mutumin da ya rasa rabin amfanin gonarsa a bakin tsuntsu, ka zo ka ce masa ya tausaya wa agwagwar Turai, dole ya dube ka sau biyu. Ban ƙara buɗe taro da maganar tsuntsaye ba. Da ruwa nake farawa, kuma a nan ne bakinmu ke zuwa ɗaya, domin buɗaɗɗen ruwan da agwagwa ke nema ta sauka, shi ne wanda masunci ke nema ya jefa birgi.

Ba ina zargin mai noman tumatir a Kadawa ba ne, shi ma abincin iyalinsa yake nema. Abin da ke damuna shi ne lissafin da ake yi. Buhun shinkafar da ya fito daga filin ban-ruwa ana ƙirga shi, a rubuta a rahoto. Kifin da aka banda a Nguru, da kabar da mata ke saƙa tabarma da ita, da gorubar da ake ɗiba, da ciyawar da ta riƙe shanu har faɗuwar damina, da rijiyoyin da ambaliya ke cika wa ruwa ta ƙarƙashin ƙasa har Gashuwa, ba su cika shiga littafin kowa ba. Abin da ba a rubuta ba kuwa, da wuya a tuna da shi ranar rabon ruwa. Shi ya sa duk sanda aka tayar da zancen ƙarasa madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are gabana ke faɗuwa, don wannan kogin ne ya rage yana kawo wa fadamar ambaliya irin ta da.

Rana ta ƙarshe kafin in bar yankin, na tarar da gayya a bakin mashigin nan. Maza sun fi talatin cikin ruwa har ƙirji, da adduna da lauje, suna saran kachala daga ƙarƙashin ruwa don ta ruɓe, matsattsaku na kama su a ƙafa. Sun san za ta sake tsirowa, bara ma sun yi. Baba na gefe a kwale-kwalensa yana jan tarin da aka sare zuwa gaɓa. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin Tiga. Ya girgiza kai.

"Ban taɓa ba, ɗana. In ka je, ka gaya wa mai buɗe ƙofar ya riƙa rufe ta da rani ko na wata biyu ne."